Tarihin lambar ƙarshe ta IMEI ɗin wayarka

Danna *#06#, za ka ga lambobi 15. Takwas na farko samfurin wayar ne, shida na biye nata ne ita kaɗai. Ta ƙarshe kuwa, lissafi ke fitar da ita daga sauran 14.

Lissafin ya girmi wayar salula. Hans Peter Luhn, injiniyan IBM haifaffen Jamus, ya ƙirƙiro shi a 1954 don kama kuskuren kwafe lamba. Katin ATM ɗinka ma shi yake bi. Ka sauya lamba ɗaya, lissafi ya wargaje.

Amma fa kuskure yake kamawa, ba ɓarawo ba. In za ka sayi tsohuwar waya a Kaoje, ko wadda ta ƙetaro daga Benin, duba IMEI ɗinta ya dace da na jikin kwali kafin ka biya.