Kakar 2009: Shekarar da Kano Pillars ta Girgiza Afirka

Gabatarwa

A tarihin ƙwallon ƙafa na Arewacin Najeriya, akwai kakar wasa guda da har yau magoya baya ke komawa gare ta idan ana hirar bajinta. Ita ce kakar 2008 zuwa 2009, lokacin da ƙungiyar Kano Pillars ta shiga Gasar Zakarun Afirka karo na farko, ta fitar da Al Ahly ta Masar wadda ke riƙe da kofin, ta kai zagayen kusa da na ƙarshe, sannan wata ƙungiyar Najeriya 'yar uwarta ta tare mata hanya. A cikin wannan kaka kuma ta rasa kambin gasar cikin gida da ta ci a shekarar da ta gabata. Daga baya Pillars ta ci gasar Najeriya sau uku a jere, amma ba ta sake taka matakin da ta taka a 2009 ba. Wannan ya sa kakar ta zama ma'aunin da ake gwada bambancin da ke tsakanin sarautar gida da sarautar nahiya.

Asalin ƙungiyar

Kano ba baƙuwar tamaula ba ce. Tun a 1978 ƙungiyar Raccah Rovers ta birnin ta ci gasar ƙasa. Da aka zo kafa gasar ƙwararru a Najeriya a 1990, sai hukumomin wasanni na jihar, ƙarƙashin jagorancin Alhaji Ibrahim Galadima, suka ga cewa ƙarfin Kano a rarrabe yake. Aka haɗe ƙungiyoyi uku wuri guda: WRECA, wadda ke ƙarƙashin hukumar ruwa da gine-gine ta jihar, da Kano Golden Stars, da Bank of the North. Daga wannan haɗaka aka haifi Kano Pillars, mallakar gwamnatin jiha, mai masauki a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata.

Kirarin ƙungiyar shi ne "Sai Masu Gida". A al'adar Bahaushe, mai gida shi ne mai faɗa a ji, wanda baƙo ba ya tsallake maganarsa. Kirarin ya dace da halin ƙungiyar, domin daga 2003 har zuwa 2015 babu ƙungiyar da ta doke ta a gidanta a wasan gasar ƙasa, sai da Nasarawa United ta zo ta karya wannan tarihi. Duk da haka, shekara goma sha takwas Pillars ta yi tana neman kambin ƙasa kafin ta same shi. Ta ci shi a 2008 a hannun mai horarwa Kadiri Ikhana, mutumin da ya kai Enyimba ta Aba ga cin Kofin Zakarun Afirka a 2003. Heartland ta Owerri ce ta zo ta biyu a wannan shekara, kuma su biyun ne suka wakilci Najeriya a gasar nahiya ta 2009.

Yaƙi a fage biyu

Ikhana bai zauna ya ga tafiyar Afirka ba. Ya bar ƙungiyar bayan cin kambin, kuma wanda ya ja ragamarta a gasar nahiya shi ne Ivo Sajh, ɗan ƙasar Sulobeniya. Aikin da ke gabansa ya kasu gida biyu. A cikin gida akwai gasa mai ƙungiyoyi 20, kowacce da wasa 38, ana ratsa ƙasar a mota daga Kano zuwa Fatakwal, daga Aba zuwa Bauchi. A waje kuma akwai gasar Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, wato CAF, wadda a wancan zamani ake farawa a farkon shekara a gama a watan Nuwamba.

Tsarin gasar ta Afirka yana da matakai. Da farko ana yin zagayen sili-ɗaya-ƙwale, wasa biyu, gida da waje. Ƙungiyoyi takwas da suka tsira sai a raba su rukuni biyu, huɗu-huɗu. Biyu na saman kowane rukuni su ne ke zuwa zagayen kusa da na ƙarshe. A zagayen gida da waje akwai wata doka da ta yi tasiri ƙwarai a wannan shekara: idan jimillar ƙwallayen ƙungiyoyin biyu ta zo daidai, wadda ta fi zura ƙwallo a gidan abokiyar karawarta ita ke wucewa. Ke nan ƙwallon da aka ci a baƙunta ta fi ta gida nauyi. Ga ƙungiyar da ƙarfinta ya ta'allaƙa a kan gida, wannan doka jarrabawa ce mai tsanani.

Daren Alƙahira

Bayan Pillars ta tsallake matakan farko, sai ta haɗu da Al Ahly a zagayen ƙarshe kafin shiga rukuni. Sai an san wace ce Al Ahly a wancan lokaci za a gane girman abin da ya faru. An kafa ta a 1907, kuma a 2000 hukumar CAF ta naɗa ta gwarzuwar ƙungiyar Afirka ta ƙarni na ashirin. Ta ci Kofin Zakarun Afirka a 1982, 1987, 2001, 2005, 2006 da 2008. Daga 2005 zuwa 2008 babu shekarar da ba ta buga wasan ƙarshe ba. Mai horar da ita, Manuel José ɗan ƙasar Fotugal, shi ne ya ci mata huɗu daga cikin waɗannan kofuna. 'Yan wasanta irin su Mohamed Aboutrika da Wael Gomaa su ne ƙashin bayan tawagar Masar da ta ci Kofin Ƙasashen Afirka a 2006 da 2008.

A wasan farko da aka buga a Najeriya a watan Afrilu, an tashi 1 da 1. Ga wanda ya san dokar ƙwallon waje, wannan sakamako ya fi yi wa Al Ahly daɗi, domin ko canjaras ba ci aka yi a Alƙahira, ita ce za ta wuce. Dole ne Pillars ta zura ƙwallo a gaban dubban Misirawa, a filin da manyan ƙungiyoyin nahiyar suka saba barin kai a sunkuye. A farkon watan Mayu aka buga wasa na biyu, aka tashi 2 da 2. Jimilla ta zama 3 da 3, amma Pillars ta ci biyu a waje, Al Ahly ta ci ɗaya. Mai riƙe da kofi ta fita tun kafin a kai rukuni, aka mayar da ita ƙaramar gasar CAF ta Kofin Confederation. Ba a daɗe ba Manuel José ya bar Masar ya koma horar da tawagar Angola. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Abin lura a nan shi ne, ƙungiyar da ake yi wa kirari da gida, babbar bajintarta a gidan wani ta yi ta.

Abin da aka rasa a gida

Yayin da ake murnar Alƙahira, gasar cikin gida tana gab da ƙarewa. Da aka rufe ta a watan Yuni, Bayelsa United ce ta ɗauki kambi, Heartland ta sake zuwa ta biyu. Pillars ba ta samu ɗaya daga cikin gurabe biyun da ke kai ƙungiya Gasar Zakarun Afirka ba. Wannan ya ƙara wa tafiyar nahiya nauyi, domin ƙungiyar ta shiga rukuni tana sane da cewa teburin gida bai tanadar mata wuri a gasar shekara mai zuwa ba. Duk ƙwarewar da 'yan wasanta ke tarawa a filayen Afirka tana iya tafiya ba tare da an ɗora komai a kanta ba.

Rukuni da hanyar gabas

Daga Yuli zuwa Satumba aka buga wasannin rukuni. Pillars ta faɗo rukuni ɗaya da Al-Hilal da Al-Merreikh, manyan abokan hamayyar juna na birnin Omdurman a Sudan, da kuma ZESCO United ta Ndola a Zambiya, ƙungiyar kamfanin wutar lantarki na ƙasar. Tafiya Sudan tana da wani tarihi ga Bahaushe. Ta nan alhazan ƙasar Hausa suka riƙa bi da ƙafa zuwa Makka kafin zuwan jirgin sama, kuma da yawansu sun zauna a can, zuri'arsu na nan har yau suna jin Hausa.

Rukunin ya kuma nuna wata matsala ta ƙwallon Najeriya. A sahun gaban Al-Merreikh akwai 'yan Najeriya, cikinsu har da Stephen Worgu, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a Gasar Zakarun Afirka ta 2008 yana sanye da rigar Enyimba. Kuɗin Sudan ya ɗauke shi cikin 'yan watanni. Ƙungiyoyin Najeriya suna renon gwanaye, wasu su saye, sannan a dawo a yaƙe su da su. Duk da haka Pillars ta gama rukunin a matsayi na ɗaya, Al-Hilal na biye da ita. A ɗaya rukunin kuwa, TP Mazembe ta Lubumbashi ce ta zo ta ɗaya, Heartland ta biyu. Bisa tsarin gasar, sai ƙungiyoyin Najeriya biyu suka haɗu a zagayen kusa da na ƙarshe.

Tsakanin 'yan gida ɗaya

Heartland ba sabon shiga ba ce a wannan mataki. Da sunanta na da, Iwuanyanwu Nationale, ta kai wasan ƙarshe a 1988, inda Entente Sétif ta Aljeriya ta doke ta. Ta kuma san Pillars ciki da bai, domin shekara da shekaru suna karawa a gasar ƙasa. Abin da ya taimaki Pillars a kan Al Ahly, wato rashin sanin ta da raina ta, babu shi a nan. Da ɗan gari akan ci gari.

A watan Oktoba aka buga wasan farko a filin Dan Anyiam da ke Owerri, Heartland ta ci 4 da nema. Wannan rata ta kusan kashe maganar tun kafin a juyo Arewa. A wasa na biyu ma Heartland ta sake cin 1 da nema, jimilla ta zama 5 da babu. Masu Gida, waɗanda suka zura wa zakarun Afirka ƙwallo uku, ba su iya zura ko ɗaya a ragar 'yan ƙasarsu ba cikin minti 180.

Ita ma Heartland ba ta sha da daɗi ba. A watan Nuwamba ta doke Mazembe 2 da 1 a Owerri, aka doke ta 1 da nema a Lubumbashi. Dokar ƙwallon waje da ta ɗaga Kano a Alƙahira ita ce ta hana Owerri kofi. Mazembe ta ɗauka karo na farko tun 1968.

Abin da ya biyo baya

Shekarun da suka biyo baya sun fito da darasin kakar a fili. A kakar 2009 zuwa 2010 Pillars ta zo ta biyu a gida, wani matashi mai suna Ahmed Musa ya ci mata ƙwallo 18. Kafin shekarar ta ƙare ya tafi VVV-Venlo ta Holan. A 2012, 2013 da 2014 ƙungiyar ta ci gasar ƙasa sau uku a jere, da 'yan wasa irin su Rabi'u Ali da Gambo Muhammad. Amma a Afirka ko rukuni ba ta sake shiga ba. AC Léopards ta Kongo ta fitar da ita a 2013, AS Vita ta Kinshasa a 2014, Moghreb Tétouan ta Maroko a 2015, Asante Kotoko ta Kumasi a 2019. A dukkan waɗannan karawa huɗu, Pillars ta ci wasanta na gida, aka fi ƙarfinta a waje.

Kwatanta ta da Mazembe yana haskaka dalilin. A ƙarƙashin shugabancin Moïse Katumbi, ƙungiyar ta Lubumbashi ta riƙe manyan 'yan wasanta, ta sake cin kofin a 2010, ta kuma zama ƙungiyar Afirka ta farko da ta kai wasan ƙarshe na Kofin Duniya na ƙungiyoyi. Pillars kuwa, kamar akasarin ƙungiyoyin Najeriya, da kasafin gwamnatin jiha take rayuwa. Shugabanninta suna sauyawa da sauyin siyasa, masu horarwa ba sa daɗewa, ɗan wasan da ya yi fice kuma da wuya ya ƙara kaka biyu. Irin wannan tsari yana iya cin gasar da kowa ke cin wasansa a gida. Gasar nahiya tana buƙatar tawagar da ta daɗe tare har ta saba da filayen baƙunta.

Kammalawa

Pillars ta ci Kofin Ƙalubale na Najeriya a 2019, ta faɗa gasar ƙasa da ta ƙwararru a 2022, ta dawo a 2023. Filin Ƙofar Mata yana nan yana cika ranar wasa, kirarin ma bai sauya ba. Kakar 2009 ta tabbatar da cewa ƙungiya daga Kano tana iya tsayawa gaba da gaba da mafi girman ƙungiya a Afirka, a cikin birninta, ta kuma fito da nasara. Abin da bai samu ba shi ne ginin da zai sa a maimaita. Har yanzu Enyimba ce kaɗai ƙungiyar Najeriya da ta taɓa ɗaga Kofin Zakarun Afirka, a 2003 da 2004, kuma tun daga watan Oktoban 2009 babu ƙungiyar Arewacin ƙasar da ta sake kusantarsa kamar yadda Masu Gida suka yi.