Jimmy Carter: Sojan Ruwan da Ya Koma Gona

A 1946 Jimmy Carter ya kammala makarantar sojan ruwa ta Annapolis, ya auri Rosalynn. Yana tsaka da aiki a jiragen ƙarƙashin teku mahaifinsa ya rasu a 1953. Sai ya ajiye kaki ya koma garin Plains ya riƙe gonar gyaɗar gidansu, ko da yake ran Rosalynn bai so ba. Daga nan ya zama gwamnan Jojiya, sannan shugaban Amurka a 1977. Bayan ya sauka, shi da Janar Gowon suka yaƙi cutar kurkunu, har aka tabbatar Najeriya ta rabu da ita a 2013. Aurensu ya shekara 77, da 'ya'ya huɗu. Ya rasu a 2024 yana da shekara 100, aka binne shi a Plains, gefen matarsa.