Asalin Darajar Ma'aikacin Ɗakin Gwaji

A shekarar 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, abin da ya sa ƙasashen Yamma suka sake duban yadda suke koyar da kimiyya. A Ingila, Gidauniyar Nuffield ta ƙaddamar da wani shiri a 1962, wanda ya nemi ɗalibin sakandare ya yi gwaji da hannunsa maimakon haddar littafi. Daga nan buƙatar ma'aikacin ɗakin gwaji ta ƙaru. Shi ke haɗa sinadarai kafin darasi, ya wanke kwalabe, ya gyara madubin likita, ya kulle masu guba. Makarantar da ta rasa shi kuwa, malaminta yakan koma zana gwajin a kan allo.