Bayan Layi: Labarin da Ya Faɗi a Gasa, Ya Zama Littafi

Matasanmu masu rubutu a Kafanchan, Kagoro da Zonkwa sun sha yin ƙorafin cewa ba su da inda za su kai abin da suka rubuta. Wannan kukan ya girme mu duka. A zamanin Turawa kusan ƙofa ɗaya ce a Arewa, wato Zariya. A can Rupert East ya shirya gasar 1933 da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, a can kuma aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Wanda Zariya ba ta karɓa ba, sai ya ajiye takardunsa a akwati.

Ɗan jiharmu Elnathan John ya bi wata hanyar. An haife shi a Kaduna a 1982, ya karanta lauya a Jami'ar Ahmadu Bello. Gajeren labarinsa na Turanci, Bayan Layi, kan yaran da ke kwana a gindin kuka, 'yan siyasa na hayarsu lokacin zaɓe, ya fito ne a Per Contra, wata mujallar adabi ta intanet a Amurka. Mutum nawa ne a nan suka taɓa jin sunanta? Amma ƙa'idar gasar Caine ta gajerun labaran Afirka ita ce sai an riga an buga labari, kuma mabugin ne ke tura shi. Ba don mujallar ba, da alƙalan gasar ba su gan shi ba.

A 2013 labarin ya shiga biyar na ƙarshe, sai Tope Folarin ya lashe fam 10,000 ɗin. Elnathan ya sake kai wa mujallar wani labarin, Flying, ya kuma shiga biyar na ƙarshe a 2015. Wannan karon Namwali Serpell 'yar Zambiya ce ta ci.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai jefar da Bayan Layi ba. Ya riƙe yaron labarin, Ɗantala, ya bi shi har Sakkwato, labarin ya zama babin farko na littafin Born on a Tuesday, wanda Cassava Republic ta buga a 2015. Sunan littafin ma daga na yaron aka ɗauko shi, Ɗantala ai haihuwar Talata ne.

A 2016 littafin ya kai ukun ƙarshe a gasar adabi ta NLNG mai dala 100,000, Abubakar Adam Ibrahim na Jos ya ɗauke. Faɗuwa ta uku ke nan a bakin gaɓa. A shekarar aka buga shi a Amurka, a 2017 kuma ya samu kyautar Betty Trask a Ingila.