Tarihin Altmark, Jirgin Guzurin Sojan Ruwan Jamus

Jamus ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba ta da tashar jiragen ruwa ko ɗaya a wajen Turai, domin tun bayan yaƙin farko aka raba ta da ƙasashen da take mulka, irin su Kamaru da Togo. Wannan ya tilasta mata dogara ga jiragen guzuri, wato manyan jiragen dakon mai waɗanda ke ɗauke kuma da abinci da albarusai da kayan gyara, suna haɗuwa da jiragen yaƙi a tsakiyar teku a wuraren da aka tsayar a asirce. Mafi shahara a cikinsu shi ne Altmark, wanda aka ƙera a birnin Kiel, aka kuma saka shi a ruwa a 1937.

A watan Agusta na 1939, kafin yaƙi ya ɓarke, Altmark ya sha mai a Port Arthur ta jihar Texas a Amurka, sannan ya nausa kudancin Tekun Atlantika domin yi wa jirgin yaƙin nan Admiral Graf Spee hidima. Duk lokacin da suka haɗu, sai a miƙa doguwar mesa daga wannan jirgi zuwa wancan ana ɗura mai, ƙananan kwale-kwale kuma suna jigilar akwatunan abinci, idan za su komo su kwaso matuƙan jiragen kasuwancin Birtaniya da Graf Spee ya nutsar, a zuba su a ɗakunan ajiyar kaya na can ƙasa. Da haka jirgin da aka ƙera don dakon mai ya zama kurkuku, kuma bayan da Jamusawa suka nutsar da Graf Spee da hannunsu a bakin Montevideo ranar 17 ga Disamba, sai kyaftin Heinrich Dau ya juya akalar Altmark zuwa gida da fursunoni 299.

Hanyar da ya bi ta ratsa ruwan Norwe, ƙasar da a lokacin take 'yar ba-ruwanmu, kuma jami'anta sun hau jirgin har sau uku ba tare da sun leƙa inda fursunonin suke ba. Daren 16 ga Fabrairu 1940, bisa umarnin Winston Churchill, wanda ke riƙe da ma'aikatar sojan ruwan Birtaniya, jirgin yaƙin Cossack a ƙarƙashin kyaftin Philip Vian ya bi Altmark cikin mashigin Jøssingfjord, sojojinsa suka auka masa, suka kashe wasu Jamusawa, suka kuɓutar da mutanensu. Kowane ɓangare yana da hujjarsa a dokar teku, amma babu shakka Birtaniya ta keta hurumin Norwe a fili, Hitler kuwa ya ɗauki abin a matsayin shaida cewa Norwe ba za ta iya kare iyakarta ba, ya gaggauta shirin mamaye ta, aka kuwa mamaye ta ranar 9 ga Afrilu.

An sauya wa Altmark suna zuwa Uckermark a wannan shekara, ya kuma shayar da jiragen yaƙin Jamus Scharnhorst da Gneisenau mai a farmakin da suka kai cikin Atlantika a farkon 1941. Ƙarshensa bai zo ta hannun abokan gaba ba: ranar 30 ga Nuwamba 1942, yana tsaye a tashar Yokohama ta Japan, tankunansa suka fashe, gobarar kuma ta cinye har da Thor, wani jirgin farmakin Jamus da ke ɗaure kusa da shi.