Rogo da Garinsa: Tarihin Abincin da Aka Raina Kafin a So Shi

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ga an ɗauki abu marar daraja an ba shi matsayin da bai kai ba, sai ya ce "kallon kitse ake yi wa rogo". Wannan karin magana shaida ce ta yadda mutanen da suka ɗauki rogo, wato abu fari mai kama da kitse, amma babu maiƙo a cikinsa. Duk da wannan raini, Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo tun daga farkon shekarun 1990, inda take samar da kimanin tan miliyan 60 a shekara. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun yadda aka yi wannan juyi, domin a nuna cewa ƙin abinci da sonsa al'amura ne da ke tafiya da tarihin al'umma.

2.0 Shigowar Rogo da Dalilan Ƙinsa

Asalin rogo daga Amurka ta Kudu ne. Turawan Fotugal suka ɗauko shi daga Barazil a ƙarni na 16, suka dasa shi a bakin kogin Kongo da sauran tashoshinsu na gaɓar Afirka, musamman don ciyar da bayin da suke lodawa a jirage. A Afirka ta Yamma ya daɗe bai sami karɓuwa ba, kuma akwai dalilai biyu.

Na farko shi ne guba. Rogo iri biyu ne, mai zaƙi da mai ɗaci, kuma mai ɗacin yana ɗauke da sinadarin da kan rikiɗe ya zama gubar sayanayid. Wanda ya dafa shi kamar doya ya ci, yana iya yin amai da jiri, har ma ya rasa ransa. Mutanen asali na Barazil sun san yadda ake fitar da wannan guba, sai dai saiwar ta riga ilminta isowa.

Na biyu shi ne martabar abincin da ya tarar. A ƙasar Ibo doya ce sarauniyar amfanin gona, noman maza ce, da yawan rumbunta ake auna arzikin magidanci, kuma ana yi mata bikin shekara. Haka Yarbawa suka riƙi sakwara. A ƙasar Hausa kuwa gero da dawa ne abinci. Rogo mai zaƙi da ake shukawa a garka, a kewaye shi da shinge saboda awaki, abin taɓa ka lashe ne, ba a lissafa shi cikin cimar gida.

3.0 Gari da Annobar 1918

Abin da ya fara karya wannan shinge shi ne dawowar 'yantattun bayi daga Barazil, waɗanda ake kira Aguda. Sun yi ta sauka a Legas da Badagiri da Wida, musamman bayan boren da bayi Musulmi suka yi a Bahiya a 1835, har zuwa bayan soke bauta a Barazil a 1888. Su ne suka yaɗa dabarar yin gari: a fere rogo, a goge shi, a ɗura a buhu a danne da dutse na 'yan kwanaki har ruwan ya tsane ya yi tsami, sannan a tankaɗe a soya. Wannan aiki yana fitar da guba, yana kuma samar da abinci busasshe mai yin watanni bai lalace ba. Leburori da ma'aikatan Legas suka rungume shi saboda arha.

A gabashin ƙasar kuwa, masanin tarihi D. C. Ohadike ya nuna a 1981 cewa annobar murar 1918 zuwa 1919 ce ta buɗe wa rogo ƙofa a yankin kogin Kwara na ƙasa. Annobar ta kashe kimanin mutum rabin miliyan a Nijeriya, ta kuma zo a daidai lokacin da yaƙin duniya na farko da aikin hanyar jirgi suka kwashe majiya ƙarfi. Doya tana bukatar tulin ƙasa da sanda da kulawa, alhali rogo ana soka karansa ne a ƙasa, ya jure fari, ya kuma jira mai shi a gona har shekara biyu ko fiye. Mata suka kama nomansa, suka ciyar da gidajen da doya ta gaza ciyarwa.

4.0 Isowar Gari Ƙasar Hausa

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kuma da shi buhunan gari suka fara shigowa Arewa, don amfanin ma'aikatan kudu mazauna Sabon Gari da kuma barikokin soja. Su ma Hausawa fataken goro da shanu da suka zauna a unguwannin Sabo na Ibadan da Shagamu sun saba da shi a can. Amma Bahaushen gida ya ci gaba da kallonsa a matsayin abincin baƙi, wanda ba ya riƙe ciki.

Yunwa ce ta shigar da shi gidaje. "Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki." A yunwar farkon shekarun 1950, garin da aka yi ta kaiwa daga kudu ya ceci rayuka har cikin Nijar, inda Zabarmawa ke tunawa da lokacin da sunan shekarar gari. Farin 1973 da na 1984 sun maimaita wannan darasi, sannan tsadar rayuwar da ta biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ta sa shinkafa da burodi suka fi ƙarfin ma'aikaci. A daidai wannan lokaci, ingantattun irin rogo da cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ta fitar, tare da injinan guga, sun sa gari ya wadata a kasuwa.

Sai dai tilas ba ta haifar da so. Son ya zo ne ta hannun yara. Ɗaliban makarantun kwana da almajirai da suka tashi suna jiƙa gari da sukari da gyaɗa ba su san rainin da kakanninsu suka yi masa ba, kuma da suka girma sai suka riƙa nemansa don marmari. Matan Hausawa kuma suka sa masa hannunsu: kwaɗon gari da ƙuli-ƙuli da albasa da man gyaɗa, ƙosan rogo, da ɗanwake wanda akan kwaɓa da garin rogo.

Harshen ma ya adana wannan tarihi. Kalmar "teba" daga "eba" ta Yarbanci take, "alabo" kuma daga "elubo". Da yake "gari" a Hausa suna ne na duk abin da aka niƙa, sai aka bambanta baƙon da cewa garin rogo ko garin kwaki.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa sai da aka raba rogo da gubarsa, sannan annoba da fari suka tilasta cinsa, kafin a sami zuriyar da ta buɗe ido ta same shi a akushi. Abin lura shi ne, rogo ba shi da sinadarin gina jiki sosai, kamar yadda cutar kwashiyoko ta nuna a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, don haka haɗa shi da ƙuli da wake da matan Hausawa suka yi hikima ce babba. A 2024, lokacin da farashin gari ya yi tashin gwauron zabi, an koka daga Fatakwal har Sakkwato. Karin maganar kitse da rogo tana nan a bakin mutane, amma yawancin masu faɗarta a yau da garin rogo suka girma.