Tabuloyid da Burodshit a Jaridun Birtaniya

Tabuloyid da burodshit sunaye ne na nau'in jarida biyu, kuma asalin bambancinsu girman takarda ne. Burodshit doguwa ce mai faɗi, tsayinta kusan santimita 60, tabuloyid kuwa kamar rabinta. Kalmar tabuloyid ta fito ne daga sunan ƙwayar magani da kamfanin Burroughs Wellcome ya yi wa rajista a 1884, daga nan aka aro ta don nufin labarin da aka dunƙule don a haɗiye shi da sauƙi.

A Birtaniya, jaridun tabuloyid irin su The Sun da Daily Mirror sun fi karkata ga ma'aikata da talakawa: manyan kanun labarai, hotuna, ƙwallon ƙafa, tsegumin fitattu da gidan sarauta. Jaridun burodshit irin su Daily Telegraph da Financial Times kuwa na 'yan boko da 'yan kasuwa ne, masu dogon sharhi kan siyasa, tattalin arziki da ƙasashen waje.

Yanzu girman takarda ba ya nuna halin jarida. The Times ta koma ƙaramin shafi a 2004, The Guardian a 2018, ba tare da sun koma tsegumi ba.